Iskar Gobe

A Tromsø, cikin Disamba,
rana takan yi ƙaura, ko leƙe babu.
Uku saura na dare waya ta yi ƙara:
"Fasto Ragnhild, ɗaki na tara na neman ki.
Ko dai in ce 'yarsa ce ke nema."

Eilif masunci ne, tamanin da ɗaya,
hannuwansa kamar igiyar da gishiri ya ci.
Ya dubi farar kwalata, ya juya wa bango fuska.
"Ajiye littafinki.
Ni da Mai Sama ba ma ga maciji
tun daren da teku ta haɗiye ƙanena,
ta maido mini da hularsa."

Na ajiye. Na jawo kujera.
Shekara goma sha tara a wannan aiki
kafin na iya riƙe bakina.
Ƙarin ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis,
na'ura na ƙirga abin da ya saura.

Can ya ce, "Yaya iskar gobe?"
Na lalubo waya, na karanto masa hasashen masu jirgi:
iska daga arewa maso yamma, mai ƙarfi da asuba,
igiyar ruwa mita uku, ƙanƙara jefi-jefi,
za ta lafa kafin dare.
Ya lumshe ido. "Sake."
Sau huɗu na maimaita,
ban taɓa jan addu'a a hankali irin haka ba.
"Za ta lafa," in ji shi. "To, ana iya fita."

A baranda Gunvor ke tsaye,
ta ƙanƙame safar ulu ta mahaifinta
kamar wani zai ƙwace.
"Jiya na roƙa a ɗauke shi ya huta.
Wace irin 'ya ce ni?"
Na ce, irin wadda ta kwana goma sha ɗaya a kan kujera.
Ban ƙara ba. Ta kifa goshi a kafaɗata,
rigata ta sha abin da ta sha.

Shida da kwata ya fita.
Torunn, nas ɗin dare, ta rufe masa ido,
ta buɗe taga kaɗan kamar yadda kakarta ke yi,
ta cike takarda, hannu ko rawa babu.
Daga baya na tsince ta a ɗakin ajiyar zannuwa,
ta toshe baki da tawul.
"Na uku ke nan a makon nan,
kuma ɗaki na biyu na jiran allura."
Na ce, minti biyar ba zai rushe asibiti ba.
Muka zauna a ƙasa, bayanmu jingine da ƙofa,
ina tsare mata ita daga duniya.

Ni kuwa, wa ke tsare mini tawa?
Tulu mai shayar da gari
ba a cika tambayarsa ƙishi ba.

Wajen lif, Aslak mai goge daɓe
ya jingine sandarsa,
ya tsiyaya mini kofi a murfin gorarsa,
baƙi ƙirin, babu sukari.
Bai tambaye ni komai ba.
Muka tsaya muna kallon taga,
fitilun jirage uku na barin gaɓa,
iskar kuwa ba ta lafa ba tukuna.