Tafasa a Gidan Mahauci

Shekara arba'in Baba Sallau na fawa a kasuwar Pitowa,
ran Lahadi wuƙarsa ba ta hutawa sai rana ta faɗi.
In ya ga kore a akushi, sai ya ture da bayan hannu:
"Masu cin ciyawa ni ke yanka su,
yau kuma ni za a kawo wa?"

Bana jini ya hau masa.
Ya yanke jiki tsakanin tozo da hanta,
aka kai shi Garwa, kansa bisa cinyata.
Likita ta faɗa da Faransanci, ta maimaita da Fulatanci:
a rage kitse, a rage gishiri, a yawaita ganye.
Ya juya fuska bango, ya ce bai ji ko ɗaya ba.

Kwana tara sai kunu, shi ma kurɓi biyu.
Zoben azurfarsa ya soma yawo a yatsa.

Ruwa na huɗu ya sauka daren Talata.
Da safe na ɗauki ƙwarya na nufi gindin Tingilin,
inda tafasa ta fito ba da izinin kowa ba,
ba iri, ba taki, ba mai gadi,
ko akuya sai ta shinshina ta wuce.
Dudu mai nono ta gan ni a durƙushe, ta ce:
"Tasba ce? Tsinki kan kawai, 'yar nan,
wadda ta yi fure ta tsufa, sai ɗaci da ruɗa ciki."

Na wanke sau uku, don yashi ba ya jin kunyar baƙo.
Na zuba a ruwan zafi, warinta ya cika tsakar gida,
warin da ke sa yara toshe hanci.
Na tsame, na matse, ruwan farko ya tafi da ɗacinsa.
Wake ya riga ya nuna a ƙaramar tukunya,
na dama gyaɗa, na jefa daddawa, albasa, tattasai ɗaya,
kanwa ɗan ƙyas, gishiri abin da yatsa biyu suka ɗauka.
Miya ta yi kauri, ta yi duhu kamar gulbi a Agusta.

Na ajiye masa da tuwon dawa, ban ce uffan ba.
Na koma bakin murhu ina kankare tukunyar da ba ta da datti.

Can na ji loma ta farko.
Sai shiru.
Sai ta biyu.

"Kuluwa," ya ce, "zo nan.
Shekarar da fara ta cinye gero ina ɗan bakwai.
Uwata ta dafa wannan safe da yamma, wata biyu,
ba gyaɗa, ba wake, ruwa ne da ganye.
Mu shida ne. Ba a binne ko ɗaya ba.
Tana cewa, yunwa ta zo, ta ga tafasa, ta fasa.
Ran da na riƙe wuƙa na rantse na gama da ita.
Ba ƙinta nake ba. Kunyarta nake ji."

Ya suɗe akushi, ya ce gishiri bai ji ba.
Na ce haka likita ta ce.
Ya ce likita ba ta iya miya ba.

Yanzu na baza tabarma biyu a inuwar zaure,
ganye na bushewa, don rani ba ya ba da bashi.
Da magariba waɗanda ke bakin danga sukan haɗe ganyensu,
biyu-biyu, kamar hannun mai addu'a.
Jiya na tarar da shi tsaye kansu da sanda,
yana korar kaji.