Shafin Da Ya Ɓata

A Tudun Wada, daf da layin dogo,
Goggo Tabawa ta sayi ƙosan sisi,
aka ƙunshe mata a takardar
da maɗaba'a ta zubar, ba bango, ba suna.

Mai ya cinye rabin shafin.
Rabin da ya tsira yana cewa:
"Sai matar ta ce da mijinta, zauna,
ni ma ina da lissafi."

Ajin yaƙi da jahilci kawai Goggo ta yi,
tana haɗa baƙi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ta karanta sau uku. Ƙosai ya huce.

Washegari ta koma, ba don yunwa ba.
Kwana goma sha tara tana cin ƙosai
har labarin ya taru,
ta ɗinke shi da baƙin zare.

Daren da Malam Tanimu ya bi jirgin Ƙaura,
Lantana da Atine kan shigo da fitilar ƙwai,
su ji yadda matar takarda
ke rataye makullin akwatinta a wuya,
tana son mijinta, tana kuma ƙirga kuɗinta,
sama ba ta faɗo ba.

Shafin ƙarshe ne babu.
Wani ya ci ƙosai da shi a Ƙofar Doka.

Lantana ta ce, "Sakinta ya yi, mana."
Atine ta ce, "Tuba ta yi,
haka ake rufe labarin mata."
Goggo ta rage lagwani, ba ta tanka ba.

Ranar da kwasar adashi ta zo kanta
ta taka har Sabon Gari
ta nuna keken ɗinki mai tambarin zinariya.
Akawu ya ɗaga alƙalami: "Sunan maigida?"
Ta ce, "Rubuta Tabawa."

Malam ya dawo yana warin kwal.
"Wa ya ba ki wannan shawara?"
"Wata mata."
"'Yar wace unguwa?"
"Ba ta da unguwa. Zauna."

Ya daɗe a tsaye.
Sannan ya jawo tabarma.

Shekara talatin da ɗaya suka ƙara,
ana faɗa, ana shiri, keke na kuka.

Bayan sadakar arba'in na buɗe kwallarta.
Ga shafukan, har yau suna ƙanshin man gyaɗa,
a inda ƙarshe ya kamata ya zauna kuwa
rasit ne ta ɗinka.