Kazar Laraba

A tudun Valparaíso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don su leƙi teku,
muna da ɗakin karatu guda, rufinsa na yoyo.
Mu bakwai ke kula da shi, babu mai karɓar ko sisi.

Laraba, ƙarfe bakwai zuwa takwas.
Haka aka rubuta a allo,
amma allo bai san Don Eulogio ba.

In ya ce "a taƙaice",
gyara zama, ka cire takalmi.
Zancen bokitin tarar ruwa
sai ya bi ta girgizar ƙasar da ya gani yana yaro,
ya gangara tashar jiragen ruwa, ya gaida matattu ɗaya bayan ɗaya.
Kafin ya hawo, shayi ya huce,
bokitin kuma ya cika.

Maite ta bar jaririnta hannun maƙwabciya.
Baltasar zai hura tandar burodi ƙarfe huɗu na asuba.
Ni, Nélida, mai riƙe da littafin taro,
na cika shafi tara a watan jiya
ban rubuta "an yanke shawara" ko sau ɗaya ba.

Sai na ɗauko agogon dafa ƙwai daga kicin ɗina,
mai siffar kaza, baki a gutsure,
na girke ta tsakiyar tebur.
Minti uku ga kowane baki, na ce.
Batu biyar a takarda, na shida ya kwana sai mako.
Wanda ya makara ya same mu a hanya,
ba ma juyawa mu ɗauko kowa.

Kaza ta yi kyarkyara a tsakiyar jimlar Don Eulogio.
Ya tsaya, hannu a sama,
ya haɗiye sauran kamar ƙwayar magani.

A daren muka amince da kuɗin kwano,
muka ba Ximena makullin Asabar,
muka rufe littafi takwas saura kwata.
Maite ta sauka matakala bibbiyu.
Na ji kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Lemata na manta, na dawo.
Fitila ɗaya ce a kunne.
Yana zaune, ya murɗa kazar,
yana ba ta labarin wani jirgi mai gishiri,
in ta yi kara ya sake murɗawa,
minti uku, minti uku.
Tun rasuwar Amparo
gidansa babu kunne sai bango.

Na koma gida cikin ruwa, ba lema.

Ban janye dokar ba.
Jaririn Maite bai yi laifin komai ba,
tanda kuma ba ta jiran labari.
Takwas na bugawa nake jan layi ƙarƙashin shafi,
mai tafiya ya tafi, ba sai ya nemi gafara ba.
Amma bayan layin
kaza na shiga aljihun tebur,
burodin da Baltasar bai sayar ba ya fito daga jaka,
a sake ɗora butar shayi.

Makon jiya mu uku muka zauna.
Ya kai mu har inda jirgin gishirin ya nitse,
ana ruwa a kan sabon kwano,
bokiti a kife bayan ƙofa.
Ban duba agogo ba.