Gurbi Ɗaya a Takarda

Daga Tawa anka aiko ni da takarda,
layi ɗaya, gurbi ɗaya: sunan dutse.
Tsawonsa an riga an auna,
ɗari shida da 'yan kai, in ji na'ura.
Suna kaɗai ya rage.
Aikin yini guda ne, in ji shugabana.

Mota ta tsaya inda fako ya ƙare.
Daga nan sai ƙafa, sai sabara,
sai ƙoramar da ta tafi ta bar yashinta.
Ga shi can shi kaɗai,
kansa a shafe kamar an sare da gatari,
kafaɗar gabas ta zube,
baƙar marmara ta gangaro har gindin aduwa.

Nomau mai albasa, a fadamar kudu,
bai saki igiyar guga ba:
"Tsai-da-Hadari.
In ya taso, nan shika tsayawa shi yi shawara,
wa za a ba, wa za a hana."
Na rubuta.

Jabbo na iske ta arewa da shanu sha ɗaya.
Ya yi dariya har sanda ta zame daga wuyansa.
"Wane hadari? Tozo ne.
Dube shi daga nan, bijimi ne kwance.
In munka gan shi, rijiya saura yini."
Na goge. Na rubuta.

Kuluwa mai haƙar farar ƙasa
ta nuna shi da haɓa, ta ce, "Wancan."
Na sake tambaya. "Wancan."
Jikanta ya bi ni har bakin hanya, ya raɗa mini:
kakansa ya hau neman zuma
shekarar da fara ta cinye gero,
takalmi ɗaya anka sauko da shi.
Dutsen Arzika, haka 'yan ƙauyen ka cewa.
Ita ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba,
ba a kan dutse za ta fara ba.

Da asuba na hau.
Rema ta leƙo ni, ta koma rami.
Hasbiya biyu sunka tashi.
Ƙasa da kai kaɗan, inda ruwa ya yage gefe,
na ɓanɓaro tsakuwa, ga bawon katantanwa a ciki,
ya zama dutse shi ma.
Malaminmu na lakwal ya ce teku ta kwana nan,
munka yi mai dariya.
Allah shi jiƙan malam.

A bisa na kira sunayen, ɗaya bayan ɗaya.
Iska ta karɓa, ba ta ba kowa ba.

Yau kwana tara.
Tsakuwar na kan tebur, ta danne takarda
kada fanka ta ɗauke.
Shugaba ya leƙo sau uku.
Gurbin ya sha goge-goge har ya huje,
in na ɗaga shi wajen taga
gabas nika gani ta ciki.