Hular da Na Bari a Chaco

Katafila biyu, sarƙa ɗaya a tsakani,
ni a hagu, Anacleto a dama,
muna jan ta kamar masunta da koma,
sai dai kifinmu itatuwa ne.
Kebaraco mai jan ciki, wanda ya sha cinye bakin gatarin kakana,
ya zo ƙasa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Kafin rana ta take tsaka, dajin ya zama faƙo.

Mun kashe inji don shan tereré.
Na zaga bayan wani kututture,
nan na gan su:
'ya'yan tapiti uku, ido bai buɗe ba,
cikin 'yar sheƙar busasshiyar ciyawa
da uwar ta shimfiɗe da gashin ƙirjinta.
Zomon nan ba ya haƙa rami.
Duhun ƙaya ne ɗakinsa, inuwa ce ƙyaurensa,
mu kuwa mun yaye rufin tun da hantsi.

Sama shaho na kewayawa, bai ko gaggawa.
Na cire hulata na kifa musu.
Anacleto ya yi dariya har ya ƙware:
"Mai gona shanu dubu yake jira, kai kana reno!"
Na koma na tayar da inji.
Bakuna biyar ke jirana a gida.

Bana na bi ta wurin a bayan babbar mota.
Waya ta miƙe har inda ido ya gaji,
ciyawar da aka shuka iri ɗaya ce, kore shar,
farare tas ɗin shanu suna tuƙa.
Ba sarƙaƙiya, ba maɓoya.
A kan kowane turke akwai mai farce a zaune.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa.
Wanda ya sa hannu a takarda yana Asunción,
takalminsa bai san wannan ƙasa ba.
Fuskata uwar ta gani daga inda ta laɓe.

Jiya Fidelina, autata, ta kawo littafin makaranta.
"Baba, ka taɓa ganin tapiti da idonka?"
Na ce, sau ɗaya.
"Ina suke yanzu?"
Na shafa kaina, inda rana ke dukana tun ranar,
na ce mata ruwan gorar ya huce, ta ƙaro ƙanƙara.