Tazuge

Ranar da na hau sikelin yaron nan na bakin Kantin Kwari,
allura ta yi gudu har ɗari da sha takwas.
Yaron ya ɗaga kai ya dube ni:
"Alhaji, sauka a hankali, da shi nake ci."
Na ba shi hamsin ɗinsa, na yi dariya.
Dariyar ba ta raka ni gida ba.

A layinmu tumbi ado ne.
"Arziki ya zauna," in ji maƙwabtan shago,
ni kuwa in shafa shi kamar ɗan fari.
Ba wanda ya ji hakina a raka'a ta biyu,
ba wanda ya ga ina laluben bango
kafin in miƙe daga zaman tahiya.

Likita a Nassarawa ba ta yi dogon wa'azi ba.
Ta ja biro ƙarƙashin lambobi biyu:
jini ya hau, suga na bakin ƙofa yana sallama.
"Autarka shekararta nawa?"
"Huɗu."
Ta rufe fayil. Shi ke nan.

Sai na fara da malmala.
Uku ta koma biyu, biyu ta koma ɗaya da rabi,
rabin nan mun daɗe muna shari'a da shi.
Na daina zama teburin Ɗanliti mai shayi,
ya riƙa bina da ido kamar na ci bashinsa.
Gurasar Jakara, mai ƙuli da mai har gwiwar hannu,
Allah ya sada mu da alheri.
Zogale ya tare a gidana, da rama, da lansir.
Hajara na kwaɗawa tana kallona ta wutsiyar ido:
"Mu ga kwana nawa."

Bayan asuba, daga Gwammaja zuwa gindin Dala.
Makon farko matakala ashirin na taka, na zube,
zuciya na dukan ƙirji
kamar masu bugun shadda sun samu aikin Sallah.
Wani tsoho mai sanda ya wuce ni,
ya ce, "Sannu, yaro."
Har yau ban yafe masa ba.

Babbar Sallah ta zo ta kayar da ni.
Kwana tara ina zagayen tukunyar suya.
Kilo uku suka dawo da kayansu
kamar baƙin da suka san hanyar ɗaki.
Na yi kunya kwana biyu.
Na uku na ɗaura takalmi.

Yanzu a kasuwa ana rage murya in na wuce.
Wasu sun ce karayar arziki ce,
wasu sun ce ciwo nake ɓoyewa.
Inna ta ja Hajara gefe:
"Wai ba kya ba shi abinci ne?"
Tasi'u tela kaɗai ya san gaskiya,
shi da ke soke tsohon awo a littafinsa
yana tsaki, wai na rage masa yadi.

Wata goma sha ɗaya. Casa'in da tara.
Ban iso ba, kuma gurasa ba ta daina kirana ba
duk yammar da iska ta taso daga Jakara.
Amma jiya na kai ƙololuwa ban zauna ba,
Nusaiba a wuyana, tana riƙe da kunnuwana,
tana nuna mini Goron Dutse kamar ita ta ajiye shi.

Da safen nan na ɗaure wando,
tazuge ya yi saura, ya sauko har gwiwa.
Hajara ta ɗauko almakashi.
Na ce ta bar shi.
Ina son in riƙa ganin
tsawon hanyar da na taka.