Birkin Keke

Shekara talatin da ɗaya ina tura tsofaffi
a keke tsakanin Safa da Marwa,
ban taɓa tambayar bayana ko ya gaji ba.

A Jidda likita ya ɗaga hoton ƙashina ga fitila,
ya ce guringuntsin tsakanin gaɓoɓi
ya bushe, ya lotse kamar tsohon matashin kai.

Aka kwantar da ni rub da ciki,
wani Bamasare mai faɗin tafi ya danna,
baya ya yi ƙas, kamar an karya kara.
Na samu sauƙin kwana tara.

Ruku'u ne ya fara gagara ta.

Jiya jikana Tanimu ya kawo keke ƙofar Harami,
ya ce, "Kaka, zauna."
Sai da na gwada birkin tukuna.